Rigar ce ta farke, amma ta ce laifin jikina ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Bauchi, ina koyarwa a wata makarantar firamare, 'ya'yana uku. Allah ya yi ni mai jiki tun ina budurwa, bayan haihuwa kuma abin ya ƙaru. Samun ɗinkakkun kaya daidai ni wahala ce, sai in zagaye Wunti in faɗa Babbar Kasuwa in dawo hannu rabbana. Shi ya sa na yi murna da na samu wata Hajiya mai sayar da kayan manyan mata a gidanta, tana sa hotunansu a WhatsApp. Ƙawar yayar maigidana ce, shekara biyu ke nan ina saye a wurinta.

Saboda bikin ƙanwata da ya rage sati uku, na zaɓi abaya mai duwatsu ta naira dubu 48 da doguwar riga ta dubu 27. Na tura kuɗin ta banki, ta ba ɗan acaɓa ya kawo. Da daddare na gwada abayar. Ta shige ni ba takura, amma ina ɗaga hannu sai ɗinkin hammata ya buɗe kusan taƙi guda. Da na juya cikinta sai na ga an yi tsallaken ɗinki a wurin, ɗaya gefen ma zaren ya fara sakewa, duwatsu huɗu kuma dama babu su. Doguwar rigar lafiyarta ƙalau, sai dai ta matse ni a dantse, alhali lambar da na saba saye ce.

A daren na tura mata hotuna. Da safe ta amsa da saƙon murya tana dariya, wai “Haba Malama, ai jikinki ne ya yi mata yawa, ki rage tuwon dare. Kuma kin san kayan da ya fita ba ya dawowa.” Anti, sau ɗaya na saurari saƙon nan, na kasa sake buɗe shi. Na yi kuka sosai. Yau kwana tara ban ce mata uffan ba. Maigida ya ce in bar wa Allah kada a ɓata tsakaninsa da yayarsa. Ƙanwata ta ce in sa ta a Facebook kowa ya gani. Kuɗin nan kuwa adashina ne na wata uku. In na ɓata da ita ban san inda zan riƙa samun kaya ba, kuma ina jin kunyar a ce ana rigima don riga ta farke a jikina. Ya zan yi?

Daga 'yar uwarki a Bauchi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya ba amarya zaman lafiya a ɗakinta.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce kin kasa sake buɗe saƙon muryar. Dubu 75 kuɗi ne, balle na adashi da aka tara da ƙyar, amma na lura ba su suka rufe miki baki kwana tara ba. Dariyar nan ce. Kin je da kuka a kan riga, aka karkatar da zancen zuwa jikinki, sai ke da aka cuta kika koma mai sunkuyar da kai. Duk mace mai jiki ta san wannan tun tana yarinya: kujera ta karye a ce ita ce, takalmi ya tsinke a ce nauyinta ne, ko da kuwa abin dama rabinsa ya riga ya tafi. Don haka kukanki bai ba ni mamaki ba, kuma ba na son ki ɗauke shi ragwanta. Macen da ta zaɓi sayar da kayan manyan mata, da kuɗin irinku take cefane. Ita ya kamata ta fi kowa sanin yadda ake yi muku magana, kuma a ranar nan ta yi kuskure babba.

To share hawaye, ɗauko abayar mu duba ta tare, domin hujjarki tana jikinta. A gidan ɗinki na tashi, keken mahaifiyata yana tsakar ɗaki, tun ban kai tsawon teburinsa ba nake ganin riguna da ake dawowa da su. Rigar da jiki ya yi wa yawa tana da alamunta. Tun wajen sakawa za ta yi gardama a kafaɗa ko a ƙirji, za ki ga yadin ya ɗame ya yi layi-layi, in kuma ta tashi farkewa sai zaren ya tsinke da ƙarfi, ko yadin da kansa ya yage a gefen ɗinkin, ramukan allura su wage. Wadda aka yi wa ɗinkin gaggawa kuwa, yadinta lafiya lau yake, zaren ne kawai zai riƙa zarewa salin-alin, saboda keke ya yi tsallake, ko zaren ƙasa bai kama na sama ba, ko ba a koma da baya an ɗaure ƙarshen ɗinkin ba. Hammata kuma mahaɗa ce, nan ɗinkin hannu da na gefe suke gamuwa, ko siririyar mace ce ta ɗaga hannu nan ne yake ɗaukar ja. Ke da bakinki kin ce ta shige ki ba takura, kin ga tsallaken, kin ga ɗaya gefen da bai farke ba shi ma yana sakewa. Duwatsu huɗun da babu su tun kafin ki saka ba su da alaƙa da jikin kowa, shaida ce cewa ba a duba rigar ba aka cusa ta a leda.

Duk da haka kada ki tsaya a kan ganina ko naki. Gobe ki kai ta wurin telan da ba ruwansa da ku biyun, mace in kin fi sakewa da ita. Ta juya cikin rigar ta faɗa miki abin da ta gani, sannan ta sa tef ta auna faɗin rigar a ƙirji da dantse, ta auna ki ke ma. In rigar ta fi awonki da inci uku ko huɗu, zancen jiki ya mutu ke nan. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada ta taɓa ta da allura, ko da ta ce minti biyar ne kyauta. Da zarar an ɗinke wurin, hujjar ta tafi. In kuma tela ta ce rigar ta yi miki kaɗan da gaske, ki karɓi gaskiya, mu koma neman alfarma kamar yadda zan faɗa a kan ɗaya rigar.

Domin kayan nan biyu ne, hukuncinsu ma biyu ne, kuma rabin nasararki yana cikin kada ki haɗa su a kwando ɗaya.

Abayar aibi gare ta, mai aibi kuwa ana mayar da shi. Wannan ba sabon abu ba ne da zamani ya kawo. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da zayyana cewa wanda ya sayi kaya sannan ya tarar da aibin da ya riga cinikin, ba a kuma nuna masa ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe kayan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In su biyun suka daidaita a kan ya riƙe a rage masa wani abu, wannan sulhu ne, ba laifi. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban ce Hajiya ta san da farkewar ta ɓoye ba, mai yiwuwa ita ma a ɗaure aka kawo mata ba ta buɗe ba. Sai dai rashin saninta yana ɗauke mata zunubin ha'inci ne kawai, ba ya mayar da asarar kanki. Akwai kuma wani abu da malaman suka faɗa wanda ya shafe ki kai tsaye: wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kayan, ko ya yi dogon shiru ba uzuri, ana ɗaukarsa ya yarda. Allah ya taimake ki kin tura hotuna a daren, to wannan ya tsare ki. Amma kwana tara ya isa haka, kada ya zama ashirin. Kuma kome matsin ranar biki, kada ki sa abayar nan ki fita da ita in dai kina son mayarwa.

Dokar ƙasa ma tana gefenki. Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Dokar ta ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci marasa aibi, kuma in kayan suka gaza haka yana iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da aka kawo, ba tara a kansa, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Ta kuma kula da irin cinikinku na biri a sama, inda mutum ya biya kafin ya ga kaya da idonsa: in abin da aka kawo bai dace da abin da aka siffanta ba, yana iya ƙin karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Wannan magana ta “kayan da ya fita ba ya dawowa”, wadda muke gani a manne a shaguna har mun ɗauka doka ce, al'adar kasuwa ce kawai. Tana iya aiki a kan wanda ya canza ra'ayi, amma ba ta rufe aibi.

Doguwar rigar daban take. Ba ta da lahani, lambar da kika nema ita aka kawo, dantse ne ya ƙi. A nan ba zan ɗora wa Hajiya laifi ba, sai fa in a cikin hirarku kin ba ta awonki ko ta ce miki “wannan zai yi miki, na tabbata”. Ki koma ki duba, in akwai irin wannan kalma to ƙafarki ta ƙara ƙarfi. In babu, ki sani lambobin nan ba abin dogaro ba ne. Babu ma'auni guda da duk masana'antu suke bi, XXL ɗin da aka ɗinka a Sin sau da yawa yakan fi na Turkiyya ko na Ingila ƙanƙanta, kuma lamba ɗaya a yadi mai miƙewa da yadi mai tauri ba sa zama iri ɗaya a jiki. Ko lambar abaya da muke cewa 54, 56, 58 ko 60, tsawonta take nufi a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba ta cewa komai a kan faɗi. Mata da yawa suna sayen 60 da zaton ta fi yalwa, sai su samu tana jan ƙasa, ƙirji kuma yana nan a matse. Saboda haka abin da za ki nema a kan doguwar rigar alfarma ce: ta karɓa ta ba ki wadda ta fi ta, ko ta sayar miki da ita ga wata a cikin kwastomominta. Addini ya kwaɗaitar da mai sayarwa a kan haka, domin ya zo a hadisi cewa wanda ya amince wa Musulmi ya warware ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Amma in ta ƙi, ba ta ci haƙƙinki ba. Sai ki kai wa tela ya duba ko an bar rara a cikin ɗinkin hannun da za a saki, ko ya tsaga ya ƙara ƙyalle a ƙarƙashin hannu. Aiki ne da telolinmu suka saba, kuma in an dace da launi ba mai ganewa.

Bari kuma in ɗan tsaya a gefen Hajiya, don in kin fahimci abin da take tsoro za ki fi iya magana da ita. Masu irin sana'arta jarinsu ƙanƙane ne. Daga Kantin Kwari a Kano ko daga Legas ake ɗoro musu kaya a mota, wasu ta hannun dillalan da ke kawowa daga Dubai ko Sin, kuma wanda ya ba su sari sau da yawa ba ya karɓar komai in ya fita. Manyan lambobi sun fi cin yadi, sun fi tsada, sun kuma fi daɗewa a rataye kafin a samu mai su. Ga kuma halin wasu matan da duk mun sani, a sa riga a je biki, a yi hotuna, washegari a dawo da ita tana ƙamshin humra a ce ba ta yi ba. Wadda aka yi wa haka sau biyu sau uku, sai ta ɗaura ɗamarar ƙin kowa. Ina kyautata zaton da ta ga hotunanki, abin da ya fara zuwa ranta shi ne dubu 48 za ta fita daga jarinta, sai ta kare kanta da abin da ya fi kusa da bakinta, ta kira shi wasa. Wannan bayani ne, ba wanke ta nake yi ba. Asarar da ke tsakaninta da dilanta, ita za ta bi shi, ba ke da ba ki san shi ba. Amma yana nuna miki inda za ki kwantar mata da hankali, wato ki nuna mata a fili cewa rigar ba ta fita ƙofar ɗakinki ba.

Don haka yau ɗin nan ki ninke kayan biyu ki mayar cikin ledarsu, kada ki wanke, kada ki goge, kada turare ya taɓa su, in takardar wuyan tana nan ki bar ta. Ki ɗauki hoton hirarku tun daga inda ta sa kayan har zuwa yanzu, da shaidar tura kuɗin da bankinki ya ba ki. Saƙon muryar ma kada ki goge shi don ɓacin rai, ki tura shi wani wuri ki ajiye, ba sai kin sake saurara ba. Bayan kin dawo daga wurin tela sai ki rubuta mata, a rubuce ba da murya ba, domin murya tana rawa in rai ya ɓaci, rubutu kuwa yana zama shaida. Kamar haka ya isa: “Salamu alaikum Hajiya, ina fata kina lafiya da iyali. Kan abayar nan ne. Na kai wa tela ta duba, ta tabbatar ɗinkin hammatar dama da tsallake, faɗin rigar kuma ya fi awona, ga duwatsu huɗu babu. Ban fita da ita ba, tana cikin ledarta. Ina so ki musanya min da wata lafiyayya ko ki dawo min da dubu 48 ɗina. Biki ya matso, don Allah ki ba ni amsa nan da kwana uku. Zan shigo da ita ki gani da idonki.” Ki lura ban sa ban haƙuri a ciki ba, ban sa bayanin jikinki ba, ban kuma sa barazana ba. Doguwar rigar ki bar ta sai kun haɗu, kada ta samu ƙofar da za ta ce dama duk kayan ne suka yi miki kaɗan.

In za ki je, ki tafi da mutum ɗaya mai sanyin baki, kuma ki zaɓi lokacin da ba kwastomomi a ɗakin, don mutum ya fi saurin amsa kuskure in ba idon jama'a a kansa. Ki riga ki yanke a ranki abin da za ki karɓa. A ganina musanya ta fi, in tana da wata irinta a ƙasa, ki juya cikinta a gabanta, ki ja ɗinkin hammata da na gefe a hankali, ki gwada a nan take ki ɗaga hannu. In babu, kuɗi. In ta ce kuɗin sun shiga kaya, ki yarda ta biya kashi biyu amma da ranaku a rubuce, kason farko kafin biki. In kuma abayar ta kwanta miki a rai, akwai hanya ta uku: ki riƙe ta, ita ta biya telan da zai bi duk ɗinkin ya ƙarfafa shi ya mayar da duwatsun, ta kuma rage miki wani abu a kan kuɗin. Abin da ba na so ki karɓa shi ne “ki bari sai wani kaya ya zo” ba rana ba wata. Irin wannan alkawari yakan kai Sallah biyu.

Maganar tuwon dare kuwa, ba na son ki haɗiye ta, amma ki ajiye ta sai an gama batun kuɗi. Sannan ki dube ta ki ce, “Hajiya, maganar da kika yi min a kan jikina ta yi min ciwo, shekara biyu ina cinikinki ban zaci haka daga gare ki ba.” Ki tsaya nan, kada ki ƙara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai yiwuwa ta ji nauyi ta ba ki haƙuri, mai yiwuwa ta ce wasa take. Ko wanne ta yi, kin sauke abin daga ƙirjinki, kuma daga amsarta za ki san ko wurin ya cancanci ki sake kai kuɗinki.

Shi maigida, ina ganin zumunci yake karewa, kuma niyyarsa mai kyau ce. Sai dai ina da tambaya: ya ji saƙon muryar da kunnensa, ko labarin riga kawai kika ba shi? Maza da yawa in an ce musu rigimar kaya sai su ɗauka ƙaramin abu ne na mata. Ki ba shi wayar ya saurara. Ki kuma gaya masa cikin ladabi cewa bar wa Allah yana da daɗi in mutum ya yafe da zuciyarsa, amma ke ba yafewa kika yi ba, kunya ce ta danne ki, kuma irin wannan shirun yakan zama ƙulli da za ki riƙa tunawa duk ranar da kika ga yayarsa. In duk da haka ya fi son a yi shiru, to adalci shi ne ya ɗauki nauyin kayan bikin, kada zumuncinsu ya tsaya a kan adashinki. Ita Yayar ma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba tun ba ta ce komai ba. Ita ta haɗa ku, kuma mutum ba ya son wanda ya gabatar ya kunyata shi. In kwana ukun suka wuce ba amsa, ita ce mutum ta farko da za ki je wa, ki gaishe ta, ki nuna mata rigar, ki ce kin zo ne don ba ki son maganar ta fita waje. Sau da yawa kiran waya ɗaya daga ƙawa yana yin abin da saƙo goma bai yi ba.

Shawarar ƙanwarki ta Facebook ban goyi bayanta ba, ko da yake na san kishinki ne ya sa ta. Magana zarar bunu ce. Kina sawa, masu sharhi za su bar rigar su koma kan jikinki, abin da kike gudu a ɗaki ɗaya ya zama na gari duka, ana sati uku biki. Ga kuma hatsarin shari'a. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda abin da ta rubuta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ta daɗe tana zaryar kotu. Ke da gaskiya a hannunki, kada ki ba wani damar mai da ke wadda ake ƙara. In wata ta tambaye ki yadda cinikinku ya kasance, ki faɗi abin da ya faru daidai ba ƙari, wannan nasiha ce. Sa hoton mutum a duniya kuwa wani abu ne daban.

In Yaya ta yi nata ba a dace ba, akwai sauran matakai kafin a kai ga alƙali. Mai unguwarsu ko wani malami da take jin nauyinsa yana iya zaunar da ku. In wannan ma bai yi ba, ofishin FCCPC na shiyyar Arewa maso Gabas a nan Bauchi yake, ana kuma iya shigar da koke ta shafinsu na intanet, abin da za su nema shi ne irin hujjojin da na ce ki tara. Kotun shari'a ma tana sauraron irin wannan. Ban ɗauka za a kai can ba, kuma ke za ki auna ko dubu 48 ta kai zaryar da za ki yi ga aikin makaranta ga yara. Na faɗa miki ne don ki shiga ɗakin Hajiya kina sane cewa ba roƙo kika je ba.

Saura tsoronki na ƙarshe, wai in kin ɓata da ita ina za ki samu kaya. Wannan tsoron shi ya sa masu sayarwa da yawa suke raina manyan mata, sun san zaɓinku kaɗan ne. Amma mu a nan Allah ya hutar da mu, don asalin suturarmu ta awo ce. Atamfa yadi shida, leshi yadi biyar, tela ya auna ki ya yanka daidai ke. Yadin abaya ma ana sayar da shi a kasuwa, akwai kuma mata a cikin Bauchi da suke ɗinka ta har da manna duwatsu. Ki samu tela ɗaya mai kyau ki riƙe, ki sa ta rubuta miki awonki a takarda, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, faɗin ƙasan ƙugu, zagayen dantse, tsawon hannu da tsawon riga, ki ɗauki hotonsa a waya, ki sabunta duk bayan wata shida. Daga yau duk mai sayar miki da kaya ta waya, ki ce ta shimfiɗa rigar ta ɗora tef ta turo hoto kafin ki biya, ki kuma tambaye ta a rubuce, in an samu matsala kwana nawa take bayarwa a dawo da kaya. In a gari ɗaya kuke, ki biya rabi, sauran sai kin gwada. Wadda ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta nuna miki yadda za ta yi ranar da aka samu matsala.

Kan bikin kuma, kada ki rataye shi a wuyan amsar Hajiya. Teloli suna cika da aiki in biki ya matso, sati uku kuma ba yawa. In kina da atamfa ko leshi a akwati, ki kai ɗinki a satin nan, ranar da za ki kai abayar a duba, don ko kuɗin sun makara ki samu abin da za ki sa ki tsaya kusa da ƙanwarki ki ɗaga hannu yadda kike so. Ki rubuto min bayan kun haɗu da Hajiya, ina son in ji yadda kuka ƙare.